Anti, in jinginar da gonar gadona don in zama lauya?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Tun daren jiya ban runtsa ba. Yayana ne ya zauna a tsakar gida, a gaban matarsa, ya ce wai karatun lauya asarar kuɗi ne, shi da idonsa ya ga lauyoyi cikin baƙar kwat a ƙofar kotu suna farautar masu neman takardar rantsuwa. Ita kuwa tana tsinke zogale tana murmushi. Na tashi na bar tuwona ko loma ban kai ba.

Na gama digirin shari'a, na shekara 5, amma yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, wanda shi kaɗai ya ci wata 8, suka ja mu kusan shekara 7. Abin da mutanen gidanmu suka kasa ganewa, digirin nan shi kaɗai ba ya ba mutum damar tsayawa gaban alƙali. Sai ka yi kusan shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, Bwari ko Bagauda ko Yola ko duk inda aka tura ka, ka ci jarrabawar ƙarshe, sannan a rantsar da kai. Ga kuɗin makaranta, ga littattafai, ga rigar nan da hular gashi, ga kuɗin mota idan an tura ka koyon aiki a kotu.

Har yanzu Kawu yana bin mu bashin ajina na ƙarshe, Umma ma ta sayar da 'yan kunnenta na zinare. Na manta ban ce ba, Baba ya rasu shekara 3 ke nan, ba a raba gona ba, Yaya ne ke nomanta yana cin amfanin. Umma ta ce a jinginar da kasona, shi ne ya tada jijiyar wuya. Da zai ƙara aure ai ba wanda ya tambaye shi daga ina kuɗi suka fito.

Ba na musun akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Wata ƙawata da aka rantsar bara tana aiki a ofishin wani babban lauya, abin da ake ba ta bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Wannan yana ba ni tsoro matuƙa, kada in ci bashi in dawo in zauna a ɗaki. Amma in na tsaya nan, shekara 7 da zinaren Umma sun tafi a banza ke nan?

Anti, na san haƙƙina ne a shari'a in nemi a raba gado. Sai dai Umma tana da hawan jini, kuma ba ta son a ji kanmu a waje. In kai ƙarar Yaya wurin Kawu, ko in yi shiru har a rufe karɓar takardu?

Taki,
'yarki daga jihar Kano