Wasiƙa daga Yamai: fim ɗinka da miyar baƙona

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin ƙasar da ka je ka maƙale. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya ɗauke, zafin bayan damina ya dawo da ƙarfinsa.

Fim ɗin mayaƙan Turai na zamanin da, wanda ka yi ta cika mini kunne da shi, na kalla. Ɗan yayata ne ya sa mini shi a kwamfuta. Wallahi da kana kusa sai ka biya ni darena. Labarin an san shi tun ba a fara ba: yaro maraya, ashe ɗan sarki ne, ga takobin da ba mai iya zare shi sai shi, ga dodo mai fiffike yana aman wuta. Wannan bai dame ni ba, mu ma tatsuniyoyinmu maimaici ne kuma ba mu gajiya da su. Abin da ya ɓata mini rai shi ne komai a cikinsa ba shi da nauyi. Kayan ƙarfen da mayaƙan can ke sawa suna kai kilo 20 zuwa 25, amma gogan naka ya faɗa kogi da su, ya fito da gudu ko haki ba ya yi. Ka tuna hawan sallar da muka gani a Damagaram? Dawakai cikin lifidi, mahaya cikin sulke, zufa na tsiyaya, ƙura ta turnuƙe ƙofar fada. Wanda ya taɓa ganin haka ba a ruɗarsa da dokin kwamfuta. Dodon ma tun farko suka baje shi a fili, har haƙoransa za ka ƙidaya. Kaka ba ta taɓa faɗa mana kamannin Dodo ba, shi ya sa muke kasa fita tsakar gida da dare.

Sai walimar sarki, inda na ga an jera dankalin turawa da tumatir a faranti. Su biyun daga nahiyar Amurka suka fito, ba su shiga Turai ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, dankalin ma sai wajen 1570 ya iso Spaniya. Na san za ka ce wanda ya yarda da dodo me zai hana shi yarda da dankali. Dodo ƙarya ce da muka shirya da su tun daga ƙofa, dankali kuwa sakaci ne.

Bari in ba ka labari mai daɗi. Uwargida ta tafi biki Tawa, sai ga baƙo, wani abokin aikinmu da ba ya cin nama ko kifi, ko dunƙulen miya sai ya karanta takardarsa. Na tuna miyar nan mai kauri da ka ce mutanen Ingila na kwararawa kan dankali, wadda ake yi da romon gasasshen nama. Na ce bari in gwada ta da laimar kwaɗi. Ɗanyarta ba kullum ake samu a Yamai ba, kuma da tsada, amma na dace da ita a wani kanti. Albasar Galmi da dankalin Bonkuku kuwa a kasuwar Katako na saye su.

Laimar kwaɗi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. In ka cika kasko da ita dahuwa za ta yi, ta fito fari fat, salam. Kaɗan-kaɗan na riƙa zubawa a mai mai zafi, ban sa gishiri ba, ban juya ba, sai da ruwan ya ƙone gefenta ya yi ja, ƙamshi kamar ana gashi a tukuba. Na kwashe, na soya albasa a wuta kaɗan har ta yi laushi ta yi duhu, na ƙara tafarnuwa. Sannan man shanu cokali biyu, fulawa cokali biyu, ina juyawa har ta bar warin ɗanye ta yi ruwan ƙasa. Nan ne wurin haɗari: ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake tsiyayawa, hannu bai tsayawa, in ba haka ba gudaji. Da na ɗanɗana na ji da saura, sai na daka 'yar daddawar batso na jefa, da masoro. Ita ta cike gurbin naman. Baƙon ya ƙara har ya suɗe faranti, ni kuma da gari ya waye na ɗumama sauran na ci da burodi.

Yaran maƙwabta sun ji labari, sun ce damina mai zuwa za su tsinko mini ta bayan gida. Na hana su, don akwai mai dafi a ciki kuma ido bai cika rarrabewa ba. Kai dai in ka samu mai zuwa gida, aiko mini da busasshiya, an fi jin ƙarfinta a miya. Fim kuma kada ka sake zaɓar mini sai ka kalla har ƙarshe.

Ka gaida uwargida da yara. Inna na ta tambayarka.

Amininka na Yamai