Kafin ka zuba jarinka a garin nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka ta faɗa mini niyyarka ta kwashe jarinka ka koma ƙaramin garin nan da sabuwar kwalta ta ratsa, ka gina sito ka riƙa sayen amfanin gona. Ba zan hana ka ba. Sai dai kafin ka aza bulo ko ɗaya, ina so ka binciki abin da ya tara mutane a wurin tun asali, ka kuma duba ko abin yana nan har yau.

Haihuwa kaɗai ba ta mai da ƙauye gari, sai da baƙo. Da farko akwai ruwa, ko rijiya ko mashigin kogi, inda tilas matafiyi ya sauke kaya. Wanda ya sauke kaya zai nemi wurin kwana, sai fatoma ya samu, dillali ya biyo baya, maƙeri ya kafa maƙera, a zamaninku kuwa bakanike da mai faci. Kafin a ankara kasuwa ta fara ci mako-mako, zango ya zama unguwa. To amma abin da hanya ta kawo, hanya tana iya ɗauke shi.

Ka ji labarin Salaga, a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau. A ƙarni na 19 fatakenmu sukan yi watanni a hanya da jakuna, madugu na gaba, su kai kanwa da tufafi da kayan fata su sayo goro. Har bayi an sayar a kasuwar, abin da ba za a tuna da shi da daɗin rai ba. Ga abin lura: goron nan ba a Salaga ake noma shi ba. Daga kurmin Asante yake fitowa, sarakunan Asante ne kuma suka tsayar da cinikin a can. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante ya sassauta, goro ya soma bin Kintampo. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa abin da ya rage, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete Krachi da sauran wurare. Rumfuna na nan, amma babu abin da zai sa ayari ya tsaya.

Haka ta faru da Baro a bakin kogin Kwara. Daga nan aka ja layin dogo a 1907, ya kai Kano a 1911, jiragen ruwa suna sauke kaya ana lodawa a tarago. Da aka haɗe layin da na Legas a Minna, kaya suka koma bi ta Jebba, Baro ta kwanta. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Amurka, bayan dokar gina manyan tituna ta 1956, ƙananan garuruwa da yawa da ke cin abinci da tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 sun mutu a tsaye, don motoci sun daina bi ta cikinsu.

Yanzu dubi Nguru, wadda jirgi ya isa a 1930 ya yi ƙarshen layi a can. Gyaɗa da fatu da ƙaro suka cika tashar. Daga baya fari ya zo a 1973, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, jirgin ma ya ja baya. Garin ya ji jiki, amma bai watse ba, domin fadamun da ke kewaye da shi suna ba da kifi da shinkafa, ga kuma dabbobi. Yana da abin sayarwa na kansa. Irin wannan garin nake so ka zauna a ciki.

Saboda haka ka je ka gani da idonka, kada ka tsaya a ranar kasuwa kawai, don ranar nan kowane ƙauye birni ne. Ka sammaka tasha a ranar da ba a cin kasuwa. Manyan motoci suna shigowa wayam su fita da lodi har gindinsu na neman taɓa ƙasa, 'yan dako na share gumi? Ko kuwa direba ruwa kawai yake zuba wa inji ya wuce? Ka koma da bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ka ga ko akwai mai kuɗin sayayya. Idan ka ga jerin tsofaffin shaguna a kulle, kwaɗo ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a bakin ƙofa, ka nemi dattijan wurin ka gaishe su da ladabi, ka tambayi wa ya gina su, me kuma ya tashe shi. Za su faɗa maka abin da mai sayar maka da fili ba zai faɗa ba.

Kwaltar ma da kake murna da ita, ka yi mata kallon tsanaki. Yadda ta sauƙaƙa maka shiga, haka ta sauƙaƙa wa manomi ya ɗora buhunansa a mota ya kai birni da kansa, ya tsallake ka.

Shawarata ita ce ka kama hayar sito tukuna, ka ga kaka biyu. Kada ka shiga da dukan jarin. Ka je ka gai da mai gari da sarkin kasuwa kafin ka auna ko da mudu ɗaya, kada kuma ka raina dillalan da ka tarar, su suka san wanda ke biyan bashi. Idan ka dawo daga zagayen, ka biyo ta gida mu zauna da lissafinka a gabanmu. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa da hannunsa a ciki.

Mahaifinka