Ba albashi kaɗai ke riƙe incaji a asibitin gunduma ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙonku na shirin lafiya na ranar Talata ya yi ta nanata cewa da an ƙara albashi, shugabannin ƙananan asibitoci za su zauna. Wallahi wannan zancen wanda bai taɓa kwana a asibitin ƙauye ba ne.

Abin da ke korar incaji, wato shugaban ƙaramin asibiti, shi ne a ɗora masa alhaki a hana shi kayan aiki. Gundumomi 255 gare mu a Jihar Kaduna, ana so kowace ta samu asibiti mai aiki dare da rana. Awa 24 kuwa aikin karɓa-karɓa uku ne. In ƙwararru biyu ne kacal, incaji ne zai karɓi haihuwa ƙarfe 2 na dare, ya wayi gari kan rigakafi, ya cika rajistar awo da ta haihuwa, ƙarshen wata ya hau acaɓa ya kai rahoto sakatariya.

Ga firijin allura. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba safe da yamma a rubuta. In ya yi ƙanƙara, allurar Penta, wato rigakafin jarirai na cututtuka biyar, ta tashi aiki. Mai gyara ba zai zo ba sai bayan makonni, amma takardar tuhuma ba ta makara.

Kuɗin BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, duk wata uku ake turawa, incaji da shugaban kwamitin gunduma ke sa hannu. In ya zo a kan kari, a gyara famfo, a sayi safar hannu da auduga. In ya makara, sai a rubuta wa mijin mai naƙuda takarda ya tafi kemis, kuma incaji mutanen gari ke zagi, don shi suke gani.

A ba shi ɗaki cikin harabar asibiti, da katanga da mai gadi, musamman wajajen Birnin Gwari da Giwa. A sa wa'adin zaman ƙauye a rubuce, kada sauyin wuri ya zama sai mai ubangida. Baƙonku ko ɗaya bai ambata ba.

Sannan don Allah ku gyara layukan wayarku. Mutum uku ɗin nan dai ke samun shiga kullum, rabin lokacin kuma gaisuwa suke yi.

Naku,
Mai sauraro daga Rigasa, Kaduna