Kar Ki Kunna Kwamfutar Nan Tukuna

Daura, daren Talata

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin samu kin sa wani abu a cikinki, Innarki ta faɗa mani abin da ya faru, cewa fayilolin furojet ɗinki na jami'a sun goge daga kwamfutarki. Ta ce kin kira ta bayan la'asar kina kuka, da farko ba ta tsintar komai a maganarki sai "babi na uku" da "babi na huɗu". Ni ba ki kira ni ba, kuma na san dalili: tsoro kike kar in ce ai na faɗa maki. To, ba zan ce ba. Ki karanta wannan takarda a waya har ƙarshe kafin ki taɓa komai.

In kwamfutar a kunne take, ki kashe ta yanzu, ki sa ta a jaka. Kar ki shiga intanet da ita, kar ki sauke wata manhaja a cikinta, kar kuma ki bari wata ƙawa ta ce bari ta gwada abin da ta gani a YouTube. Na san zuciyarki tana ce maki zama ba naki ba ne, ki tashi ki yi wani abu. A wannan matsala, naɗe hannu shi ne babban aiki.

Ga dalili. Ki ɗauki faifan ajiyar kwamfuta kamar gidan haya mai ɗakuna dubu-dubai, da littafi a hannun mai kula da gidan inda aka rubuta wane yana ɗaki kaza. Ranar da kika goge fayil, Windows ba ta shiga ɗakin ta kwashe kaya. Layi kawai take ja a kan sunan a cikin littafi, ta rubuta cewa ɗakin nan ba kowa. Kaya suna nan yadda aka bar su, har sai sabon ɗan haya ya zo an zuba nashi a kan na da. Littafin nan shi masu sana'a ke kira MFT, kuma yawancin manhajojin dawo da fayil aikinsu ke nan: su bi sunayen da aka ja wa layi, su leƙa ɗaki ko kaya na nan. Matsalar ita ce 'yan haya ba sa jiran izininki. Kowane shafi kika buɗe a intanet yana barin guntayensa a faifai, Windows kuma tana sauke gyare-gyarenta da kanta ba sallama. Ko waƙa ɗaya kika kwafa, tana iya sauka daidai kan babinki na huɗu.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Tun zamanin Windows XP, kina goye a bayan Innarki, wani bawan Allah ya kawo hotunan bikin ƙanwarsa shagona, muka juye a kwamfutar shago, ya goge katinsa ya tafi ɗaukar wani bikin. Kwana biyu ina share tarkace na haɗa da foldarsa. Da na farga, jikina na rawa na sauke manhajoji har uku na girka su a kan faifan da hotunan suke. Hotuna sun dawo, amma da yawa rabi ne: saman amarya na nan, ƙasanta toka-toka. Da hannuna na zuba sabon kaya a kansu. Garin neman gira na rasa ido. Har yau in muka haɗu da mutumin a masallacin Juma'a sai na ji nauyinsa, ko da yake ya daɗe da yafe mani.

Akwai abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa game da taki. Kin sha yi mani ƙorafi cewa kwamfutar nan nawa gare ta, sai kin kunna ta kin je kin yi alwala kin dawo kafin ta gama tashi, ni kuma ina ta alƙawarin zan canza maki faifai zuwa SSD, sabon yayi mai sauri wanda ba ya juyawa. To, wani jinkirin alheri ne. Naki tsohon yayi ne, mai juyawa, mai gigabait 500, irin wanda misalin gidan haya ya hau. SSD kuwa halin allo gare shi: ana gama hadda ake wanke shi. Tun daga Windows 7, da ta fito a 2009, akwai wani umarni da ake kira TRIM, wanda da an goge fayil yake sanar da faifan cewa wurin nan ba a buƙatarsa, shi kuma faifan ya share shi da kansa don kada gudunsa ya ragu. A irin wannan, sau da yawa ko gwani ya zo sai dai ya ba ki haƙuri. Da na cika alƙawarina da wuri, da wannan wasiƙar ta jaje ce kawai.

Innarki ta ce kin duba kwandon shara ba ki ga komai ba. Ko dai kin danne Shift lokacin da kika danna Delete, ko kuwa kin zubar da kwandon daga baya don neman fili. Wancan haɗin maɓalli yana tsallake kwandon gaba ɗaya, kuma Ctrl da Z ba sa dawo da abin da ya tafi ta wannan hanya. Ki bar ɗabi'ar nan, daga wajen yayanki kika koyo ta, na sani. Ki kuma riƙe cewa abin da aka goge daga filash ba ya bi ta kwando ko da Delete kaɗai aka danna.

Kafin mu kai ga tono faifai, ki fara neman kayanki a gidajen maƙwabta, kuma da waya za ki yi wannan duka. A shekarun da na yi ina buga wa ɗalibai furojet, yawancin waɗanda suka shigo hankali tashe ba manhaja ce ta cece su ba, wani kwafi ne da suka manta da shi. Ki buɗe Gmail ɗinki ki duba saƙonnin da kika aika, don na tuna da hutun sallah kin ce kin tura wa malamin da ke duba aikinki babi na uku. Ki duba WhatsApp, hirarki da 'yan ajinku, musamman wurin da yake tara takardun da aka tura. Ki shiga OneDrive da asusun Microsoft ɗin da muka buɗe maki ranar da na ba ki kwamfutar. In tana kwafe foldar takardunki can, to shi ma yana da kwandon shararsa daban, yana riƙe abin da aka goge kwana 30 ga asusun mutum na kansa, ko da Shift kika goge. Google Drive ma kwana 30 ne. Sannan gobe da safe ki taka zuwa shagon da kika buga babi na uku a bakin jami'a. Masu shago ba mu cika share kwamfutocinmu ba, wannan aibinmu ne, amma yau zai iya yi maki rana. Ki tafi da filash ɗin da ba komai a ciki, ki gaishe su da ladabi.

Takardun tambayoyin da kika raba wa manoma, waɗanda kika sha rana a Mashi da Mani kina cikewa, suna ina? In suna nan a kwali, to alƙalumanki ba su ɓata ba, shigar da su Excel ne kawai za a sake. Haka kwafin da malam ya bi da jan biro. Buga shafi talatin aikin kwana biyu ne ga mai hannu irin naki. Ban faɗi haka don in raina wahalarki ba, sai don ki san iyakar asarar ko da komai ya ƙi.

Abin da ya rage kuma nawa ne. Ranar Juma'a ki taho da ita gida. Zan kwance faifan in sa shi a ɗan akwatinsa mai wayar USB, in jona da kwamfutar shago, don kada Windows ɗinki ta tashi balle ta yi rubutu a kai. Zan fara ɗaukar kwafin faifan dungurungum zuwa wani, a kan kwafin za mu yi ta gwaji, na asali ya huta. Da Recuva zan fara, kyauta ce, kuma tana sa alama a gefen kowane fayil: kore mai lafiya, ja wanda aka riga aka hau kansa. In ba ta kawo ba, akwai PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, ita ma kyauta. Kar sunanta ya ruɗe ki, ba hoto kaɗai take nema ba. Ita ba ruwanta da littafin mai gida, ɗaki-ɗaki take bi tana gane kaya da kamanninsu, shi ya sa take dawo da fayil ba suna, sai lambobi. Microsoft ma sun fitar da tasu a 2020, Windows File Recovery, sai dai da rubuta umarni ake aiki da ita, kuma ba ta yarda a ajiye abin da aka ceto a kan faifan da ake tonowa. Dokar da na karya a kan hotunan biki ke nan, su sun ɗaure ta a jikin manhajar. Zan kuma leƙa inda Word take ɓoye kwafin ko-ta-kwana, wanda take ajiyewa duk minti 10 in ba a canza mata tsari ba.

Ki shirya zama, don za ki ga takardu ɗaruruwa ba suna, har da waɗanda kika goge tun kina aji ɗaya, kuma ke kaɗai za ki iya gane wanne ne na ƙarshe. Wani zai buɗe lafiya. Wani Word za ta ce ya lalace, saboda takardar docx a dunƙule take kamar ƙunshin goro, in gefe guda ya taɓu sai duka ya ƙi kwancewa. Ba na yi maki alƙawarin komai zai dawo. Abin da na sani shi ne faifan da aka bari ya huta tun ranar farko ya fi ba da haɗin kai.

In wani ya ce maki ya san mai gyara a cikin gari, ki ce kin gode. Akwai na kirki a cikinsu, amma da yawa maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta: a yi fomat a sa sabuwar Windows. Sabuwar Windows kuwa gigabait masu yawa ce za a zuba a kan ɗakunan da muke son leƙawa. Fomat ɗin ma iri biyu ne. Na gaggawa littafin kawai yake sabuntawa, ana iya samun wani abu bayansa. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a faifan kaf, bayansa sai addu'a. Ban da wannan, ke mace ce, akwai hotunanki da na 'yan uwanki a ciki, ba na son ta kwana a hannun wanda ban sani ba. Haka manhajojin da ke cewa kyauta ne, sai sun gama nuna maki sunan fayil ɗinki su ce kawo dala, ki rabu da su.

Af, filash ɗin Auta da ya ce komai nasa ya koma gajerun alamomi bayan ya kai shi wani shago, wannan ba gogewa ba ce. Cutar kwamfuta ce mai ɓoye folda, na fito mashi da su cikin minti biyar. In kin taɓa ganin haka a naki, kar ki danna alamomin.

Sai maganar malaminki. Gobe ki same shi ki faɗa mashi gaskiya, kar ki jira ranar miƙa aiki ki zo da labari. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ba ke ce ta farko da ya gani ba, kuma in kin zo da wuri kina riƙe da takardar da ya gyara da hannunsa, zai san ba ƙarya kika shirya ba. Ki roƙe shi ya duba imel ɗinsa, wataƙila babinki na nan.

In Allah ya sa muka wuce wannan, ga abin da nake so daga gare ki, kuma ba shawara ba ce, umarni ne. Duk daren da kika taɓa aikin nan, ki tura wa kanki shi ta imel kafin ki kwanta, ki sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, ki daina sa "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe". Google suna ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, furojet ɗinki duka bai kai ko ɗaya ba. Kwafi uku nake so: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da ba ya kwana cikin jakar kwamfutar, ɗaya a intanet. Ɓarawon da ya ɗauki jaka da filash a ciki ya ɗauki biyu ke nan. Akwai wani faifan waje a shago da ba na amfani da shi, zan ba ki, in kunna maki File History, wadda ke ɗaukar kwafi duk awa muddin faifan na jone. SSD ɗin kuma zan sa maki, amma sai na ga kin riƙe wannan na wata guda.

Na tura maki kuɗin mota ta asusunki. Ki fito da sassafe don ki iso kafin a tafi masallaci, ki rungume jakar a cinya, kar ki bari yaran mota su cusa ta a but ƙarƙashin buhuna, faifai mai juyawa ba ya son jijjiga. Ki taho da caja da kwalin takardun tambayoyin da duk filash ɗin da kike da shi, har wanda kike ganin ya mutu. Innarki ta ce in faɗa maki za ta dama maki fura, kuma ki biya ki karɓo mata saƙon Goggo a Ƙofar Ƙaura in hanya ta ba ki.

Allah ya yi maki albarka.

Naki,
Baba