Rahoton Ayyukan Shekara, Da Maganar Dam Ɗin Garinmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne mazauna cikin birnin Kano. Ga abin da ƙungiya ta yi bana, lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanto ranar taro.

Dubiyar marasa lafiya da kuɗin makarantar marayu an yi kamar kullum, Allah ya saka wa kowa. Amma gaskiya ɗan dam ɗin nan namu da aka gina da ƙasa shi ya cinye mana shekara.

Da rani muka je gida da injiniya, ɗan garinmu ne, ko sisi bai karɓa ba. Abin da muka tarar wallahi ya tayar mana da hankali, taɓo ya cike cikinsa, gara da gafiya sun yi ramuka a jikin ginin, sannan babbar matsalar, wasu masu noman rani sun jera buhunan yashi sun toshe hanyar da ruwa ke fita in dam ya cika, wai don ruwan ya kai su bazara. Injiniya ya ce dam na ƙasa muddin ruwa ya haura ta kansa to an gama, haka zai yi ta cin ƙasar har ya ɓalle. Dattawa suka tuno yadda dam ɗin Bagauda ya fashe a 1988, mu kuma ai mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024, balle namu ɗan mitsitsi da ba mai gadi.

Ranka ya daɗe Dagaci ya kira masu lambun, an ɗan yi ka-ce-na-ce amma dai suka kwashe buhunan. Matasa suka yi gayya aka cike ramuka da jar ƙasa aka daɓe, aka dasa jema a gefe don saiwarta ta riƙe ƙasa. Da ruwan Agusta ya sauko dam ya tumbatsa, ruwa ya bi hanyarsa, 'yan gangare suka kwana a ɗakunansu alhamdulillah.

Yashe taɓon ne ya gagara, hayar katafila da man dizal sun fi ƙarfin asusunmu, takardar neman taimako da muka kai ofis kuma shiru kake ji. Masu bashin kuɗin wata dan Allah a taimaka a biya kafin taro, so muke a fara yashewar da zarar ruwa ya ja baya.