Malam Edita, a riƙa leƙa ƙananan zaurukan da matasan makaɗa ke tasowa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Landan, kuma ƙorafi na zo da shi akan shafinku na nishaɗi da al'adu, amma ƙorafi ne na masoyi dan Allah kar a ɗauke shi da zafi. Na lura duk sanda za ku kawo labarin wani makaɗi na ƙasashen waje to sai in ya ci wata babbar kyauta ko ya yi wasa a gaban sarauniya ko an yi wani rikici da shi, alhali inda ake ƙera makaɗin tun kafin duniya ta san sunansa ba wanda ke waiwaya wajen. Shi ne nace bari in ɗan ba masu karatu labarin yanda ake yi anan, musamman kakar wasannin da ake ware wa matasa masu tasowa a irin kiɗan nan na Turawa na da, wanda mutum biyu ko uku ko huɗu ke zama su yi a ƙaramin zaure.

Misali kowa ya ji labarin Sheku Kanneh-Mason, yaron nan ɗan Nottingham da ya kaɗa celo, wato babban gogen Turawa, a bikin auren Yarima Harry da Meghan a watan Mayun 2018, har mutanenmu da ba ruwansu da wannan kiɗa sun ta tura bidiyon a WhatsApp sabida baƙin yaro ne kuma mahaifiyarsa asalinta 'yar Saliyo ce. Kafin nan a 2016 yana ɗan shekara 17 ya ci gasar matashin makaɗi ta BBC, shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa cinta. To duk wannan an faɗa an maimaita. Amma gasa rana ɗaya ce, biki ma rana ɗaya ne, kuma akwai yara da yawa da suka ci gasa iri-iri a Turai yau ko sunansu ba a ji. Wanda ya gama makarantar kiɗa da kofi a hannu kaman yaron da ya gama koyon ɗinki ne aka yaye shi, ya iya aikin ba shakka, amma ba keke ba shago ba kwastoma ko ɗaya, in ba a samu wanda ya kama hannunsa a shekarun nan na farko ba sai ka ganshi ya koma wata sana'ar.

Wajen da nafi sani shi ne zauren kiɗa na Wigmore Hall, yana bayan titin Oxford inda 'yan uwanmu ke zuwa sayayya su cika jaka su wuce ta kusa da shi basu ma san da shi ba. Wani kamfanin Jamus mai ƙera fiyano, Bechstein, shi ya gina shi aka buɗe a 1901 don ya riƙa tallar kayansa, da yaƙin duniya na farko ya zo gwamnati ta ƙwace a matsayin dukiyar abokan gaba aka yi gwanjonsa, a 1917 aka sake buɗewa da sunan titin da yake kai. Kujerunsa wajen 550 ne kacal. Ba makirfo ba sifika, abinda ya fito daga tsirkiya shi kunnenka zai ji ko kana layin ƙarshe, kuma wallahi in mai gogen ya ja numfashi kafin ya fara kana jinsa. Kakarsu tana farawa a watan Satumba ta kai har Yuli, kusan kullum akwai wasa, wata ranar ma biyu ko uku.

A cikin wannan kaka ne ake saƙa matasan, kuma hanyoyi biyu nafi gani. Akwai wata gidauniya da ake kira YCAT wadda aka kafa a 1984, aikinta kenan, duk shekara ta saurari matasa da yawa ta tace, zagayen ƙarshe a wannan zaure ake yinsa a gaban jama'a, waɗanda aka ɗauka sai ta zama musu manaja na wasu shekaru, ita za ta nemo musu inda za su yi wasa, ta koya musu yanda ake magana da masu zaure da yanda ake tsara abinda za a kaɗa, har su samu babban manaja na kasuwa ya karɓe su. Sai kuma shirin gidan rediyon BBC Radio 3 na sabbin jini wanda aka fara a 1999, shi kuma duk shekara ana ɗaukar mutum shida ko bakwai daga ko'ina a duniya a riƙe su shekara biyu, a naɗi kiɗansu a situdiyo, a haɗa su da manyan ƙungiyoyin makaɗa na BBC, a riƙa sa su a rediyo. Ran Litinin ƙarfe ɗaya na rana akwai wasan awa ɗaya da ake watsawa kai tsaye daga Wigmore, sau da yawa za ka tarar ɗaya daga cikin yaran nan ne a kai.

Abinda yasa nake ganin tsarin yana aiki shi ne maimaici. Ba wai a kira yaro sau ɗaya a tafa masa a ɗau hoto a sallame shi ba. Zai dawo baɗi, zai dawo baɗin baɗaɗa, mutanen da suka ji shi yana rawar hannu a karon farko su ne za su ji shi ya nutsu a karo na uku, kuma su ne za su sayi tikitinsa na dare mai tsada nan gaba. Ku duba masu gogen nan 'yan huɗu da ake kira Belcea, a 1994 suka haɗu suna ɗalibai a Royal College of Music, YCAT ta riƙe su, suna cikin rukunin farko na shirin BBC a 1999, daga baya Wigmore ɗin ya maida su 'yan gida na wasu shekaru, yau suna cikin waɗanda ake ji da su a duniya. Mai fiyano Paul Lewis ma ta shirin BBC ya bi, haka Benjamin Grosvenor da Igor Levit, haka Fatma Said mawaƙiyar nan 'yar Alƙahira da ta shiga a 2016, wadda har waƙoƙin Larabci take haɗawa da na Faransa da Jamus a wasanta. Zauren kuma yana da gasarsa ta 'yan huɗu duk bayan shekara uku, a 2022 wasu matasa daga Berlin masu suna Leonkoro suka ci, a shekarar kuma BBC ta ɗauke su, kaga ba a barsu da kofi kawai su san inda dare ya yi musu ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, 'yan huɗun nan masu goge ne dukkansu, ƙananan goge biyu da ake ɗorawa a kafaɗa wato biyolin, sai biyola da ta ɗan fi su girma da kaurin murya, sai celo babba da ake zama a jingina shi tsakanin gwiwoyi. Babu madugu mai sanda a gabansu kaman yanda ake gani a manyan ƙungiyoyi, da ido da numfashi da ɗan ɗaga gira suke ba juna alama, shi yasa ba wajen ɓuya, in ɗaya ya kauce kowa ya ji. Wannan ne yasa nake cewa irin kiɗan nan yafi komai tona asirin matashi, ko ya iya sauraren ɗan uwansa ko kansa kawai yake ji. Akwai yara masu saurin yatsa na ban mamaki da zaka ji suna ta gudu kaman ana binsu, ni dai ba su cika burge ni ba, nafi son waɗanda in an zo wajen sanyin kiɗan za su iya riƙe shi a hankali ba tare da ya mutu a hannunsu ba, kuma wannan sai an ɗau shekaru ana zama tare.

Wani abin da mutane ke mantawa, da yawa daga cikin kiɗan nan da ake wa kallon na tsofaffi matasa ne suka rubuta shi. Mendelssohn yana ɗan shekara 16 a 1825 ya rubuta na masu goge takwas wanda har yau ake kaɗawa, Schubert shekararsa 31 ya rasu a 1828, Mozart 35. Haydn ne dai ya tsufa, shi da ake cewa uban wannan salo na 'yan huɗu, ya rubuta 68 kuma wajen shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterházy aiki, makaɗin fada ne sosai da albashinsa da kayan aikinsa. Beethoven ya bar 16, na ƙarshensu kunnensa baya ji ya rubuta su, kuma duk wasu matasa huɗu da suka haɗu burinsu wata rana su kaɗa 16 ɗin nan gaba ɗaya.

Kar kuma a ce na zo ina ta yabo, akwai abinda ke damuna. In ka shiga zauren da rana ka waiwaya furfura ce ta cika shi, yara a kan dandamali kakanni a kujeru, baƙar fata kuwa ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Sannan ga al'adar shirun nan da ke tsorata baƙo, kiɗa ɗaya yakan kasu kashi uku ko huɗu kuma ba a tafi a tsakani sai an gama duka, in ka tafa ko wayarka ta yi ƙara za ka sha harara ba kaɗan ba. Ni inaga wannan hararar ta kori mutane fiye da kuɗin tikiti, don tikitin kam sun sauƙaƙa, wanda bai kai shekara 35 ba yana samun na fam 5 a wasannin da aka ware, kuɗin da ko shinkafa da kaza ba zai saya maka a unguwar ba, kuma suna saka wasanni da dama kyauta a intanet. Ran Lahadi da safe ma akwai wanda in an tashi ake ba da kofi ko lemo ko 'yar giyarsu, mu dai kofi ya ishe mu.

Babbar matsalar ita ce tun daga tushe. Kafin yaro ya kai matakin da YCAT za ta saurare shi ya yi shekara goma sha yana biyan malami, ga kayan kiɗan kansu tsada kaman me, celon da Sheku ke kaɗawa an ƙera shi tun wajen 1700 kuma aro aka bashi don ba matashin da zai iya sayen irinsa. Ɗan talaka ko a nan Ingila da wuya ya kai bakin ƙofar balle a tace shi. Shi yasa nake jinjina wa Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da ta kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Chineke! a 2015 don makaɗa baƙaƙe da sauran tsiraru har da reshen yara, da kuma Rebeca Omordia mai fiyano, uba ɗan Najeriya uwa 'yar Romaniya, wadda ta fara jerin wasannin kiɗan mawallafan Afirka a Landan a 2019 har Wigmore ya buɗe mata ƙofa. Ta dalilinta mutane da yawa anan suka fara jin sunan Ayo Bankole da Fela Sowande da Akin Euba, 'yan ƙasarmu da suka yi rubutu a wannan fanni tun da daɗewa mu kanmu bamu san su ba.

Nasan akwai masu cewa ai wannan kiɗan coci ne ko kuma me ya haɗa Bahaushe da shi. Wanda baya sauraren kiɗa sabida addini na girmama ra'ayinsa bani da ja. Amma yawancin abinda ake kaɗawa a zaurukan nan ba na ibada bane, na fada ne da na falon gida, ko baiti babu a ciki. Kuma jaridar da ke ba mu labarin Arsenal da Barcelona duk mako banga dalilin da zai sa ta ce wannan ya yi mata nisa ba.

Ba sai kun turo wakili Landan ba ma Malam Edita. A Legas akwai cibiyar MUSON a Onikan, ƙungiyar tun 1983 aka kafa ta, suna da ƙaramin zauren wasa da makarantar difloma da gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, kuma ɗaliban suna fitowa su yi wasa a gaban jama'a. Wakilinku na Legas ya je ya zauna ya ji, ya tambayi yaran ina suke nufa bayan sun gama, wa ke nema musu wajen wasa, da me suke sayen tsirkiya in ta tsinke, akwai ɗan arewa a cikinsu ko babu, in babu me ya hana. Ku buga sunayensu da hotunansu tun yanzu suna ɗalibai. Su kuma ɗalibanmu da ke karatu anan Birtaniya, dan Allah ku sa musu sanarwa cewa wasan ran Litinin ƙarfe ɗaya ake farawa ƙarfe biyu an tashi, tashar Bond Street ce tafi kusa, kuma a kashe waya kafin a shiga.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatu daga Landan