Karatu kyauta bai ɗauke wa iyaye nauyin 'ya'yansu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan'uwana na unguwanninmu na zango a Kumasi, daga Aboabo da Asawase har zuwa Sawaba, a kan wani sakaci da mu malamai muke gani yana ƙaruwa a makarantun gwamnati.

Tun da aka fara shirin babbar sakandare kyauta a watan Satumban 2017, an sauke wa talakan Ghana nauyi babba, kamar yadda aka yi a 2005 lokacin da gwamnati ta soma biyan tallafi a kan kowane ɗalibi na makarantun farko, kuma babu mai musun alherin da ke cikin haka. Sai dai a da kuɗin makaranta shi ne igiyar da ke jawo uba zuwa ofishin hedimasta ko da sau ɗaya a zangon karatu, yanzu kuwa da igiyar ta tsinke, akwai iyaye maza da ɗansu zai shekara uku a ƙaramar sakandare ba su san sunan malamin ajinsa ba.

Na san uzurin masu fita nema, kuma ban raina shi ba. Direban da ya tayar da mota bayan sallar asuba, ko mai shago a kasuwar Kejetia da ba ya dawowa sai bayan isha'i, ko uwar da take tashi cikin dare tana dama koko da suyar ƙosai, ba za a ce su zauna suna yi wa yaro bitar lissafi ba. Amma kowannensu yana da waya a aljihu, kuma karɓar lambar malami a aika masa saƙon murya sau ɗaya a wata bai fi ƙarfin kowa ba. Duba littafin aikin yaro ma ba sai wanda ya yi boko ba, domin ko wanda bai iya karanta Turanci ba zai gane kwanan wata, zai ga jan biro na malami, zai kuma ga shafukan da aka bari fayau alhali yaro yana fita kullum da sunan makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne gidajen da uwa take zaune, inda mutum zai yi zaton komai yana tafiya daidai. Sau da yawa 'yan matan irin waɗannan gidaje ne suke shigowa aji da ƙarfe tara, idonsu jawur, saboda sai sun ɗebo ruwa, sun wanke kwanuka, sun raka ƙanne, wasu ma sai sun zagaya da farantin talla tukuna. In aka kira uwar sai ta ce, “Malam, ni ban yi boko ba, ku ne kuka sani.” Ina faɗa musu cikin girmamawa cewa ba koyarwa muke nema a wurinsu ba. Muna so ne su rage wa yarinya aikin safe, su kashe talbijin na awa ɗaya bayan magariba, su sa ta karanta musu darasin ranar da murya, domin wadda ta san za a tambaye ta a gida ba ta wasa a aji.

Inda sakacin ya fi yin ɓarna shi ne zaɓen babbar sakandare. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba ɗaliban da suka rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, ta hukumar WAEC, bisa ga makin da suka samu da kuma makarantun da suka zaɓa kafin sakamako ya fito, kuma an kasa makarantun zuwa rukunin A da B da C. Wannan takardar zaɓen makarantu guda ita ce ke yanke ko yaro zai kwana a makaranta ko zai riƙa jeka-ka-dawo, da fannin da zai karanta, amma sai ka tarar yaro ɗan shekara 15 shi kaɗai ya cike ta, ko wani wansa ya sa hannu a madadin uba. Wani ya rubuta fitattun makarantu irin su Prempeh College ko Opoku Ware saboda abokinsa ya rubuta, wata ta rubuta Yaa Asantewaa, ba tare da an tambayi malami ko makinsu zai kai ba, ba kuma wanda ya tuna musu cewa akwai makarantun koyon sana'a irin su Kumasi Technical Institute da suka fi dacewa da wasunsu. Sai sakamako ya fito a ga uban da bai samu awa ɗaya ba a baya ya rufe shago kwana da kwanaki yana neman mai hanya.

Mu ma makarantu da namu laifin, domin muna kiran taron iyaye da hantsi a ranar aiki, a yi shi da Turanci ko Twi, a ƙare a kan batun karo-karo, sannan mu yi mamakin ganin kujeru wayam. Ina kira ga shugabannin makarantu, musamman na ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987, su mayar da taron ranar Lahadi bayan la'asar, a yi bayani da Hausa, a kuma ware wa kowane uba ko uwa 'yan mintuna da malamin aji. Ina kuma roƙon limamanmu da sarakunan zango su riƙa sanarwa a masallatan Juma'a duk lokacin da takardar zaɓen makarantu ta fito, su kuma buƙaci iyaye maza su zo da kansu su sa hannu.

Naka,
Wani malamin ƙaramar sakandare,
Aboabo, Kumasi.